Shekarar da Na Ƙara wa Motarmu Tsawo

Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan Yaya Garba da na riƙe kamar nawa, kun taso kun tarar ana faɗa a gidan nan cewa Baba Garba gudu ya yi da mota har ya kifar da ita a hanyar Falime, shi ya sa hannunsa na dama ya shanye. Shi kansa haka yake faɗa in an tambaye shi, har da dariya. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, ni kuma gwiwoyina sun daina yarda in durƙusa in leƙa ƙarƙashin mota. Saboda haka zan rubuta muku yadda abin ya kasance, don kada maganar ta ci gaba da yawo a karkace bayan ba ni.

Zongon da nake magana a kai ba wannan na bayan gari da kuka sani ba ne. Tsohon Zongo ne na cikin Lome, inda in ka fito sallar asuba kana jin kukan jirgin ƙasa ta wannan gefe, da rugugin teku ta wancan, kuma mace na iya ɗaukar tire a ka ta taka zuwa kasuwar Asigame tuwonta bai huce ba. Faransawa ke riƙe da ƙasar a lokacin, yaƙin Turawa na biyu kuwa bai daɗe da ƙarewa ba. Mahaifinmu limamin wani ƙaramin masallaci ne, kakansa ya zo daga wajen Kano da fataucin goro, shi mahaifin namu ya rasu ya bar mu biyu maza da Inna. Yaya ya ɗauko haƙurinsa. Ni ban san wanda na ɗauko ba, don tun ina ƙarami ba na iya ganin abu yana aiki in bar shi ban buɗe cikinsa ba. Na kwance fitilar Inna ta famfo, na kwance kwaɗon ƙofar ɗakin ajiya, na taɓa kwance agogon bangon masallaci ma, sai da aka yi sati ana kiran sallar azahar da duban inuwa. A shekarar da nake ba ku labari na kusa talatin, ina da aure da uwarku Asabe, amma halin yana nan.

Motar tamu tsohuwa ce, irin wadda yanzu kuke kira akori-kura, mu kuwa kamiyonet muke cewa da bakin Faransanci. Wani Kwara, wato Balarabe, mai kanti ne ya gaji da ita, ta yi shekarun yaƙi a jingine a bayan shagonsa kaji suna ƙwai a kujerarta. Yaya ne ke da farmi, wato takardar izinin tuƙi, ni ke kula da inji da ɗaurin kaya. Mu hau da gishiri da busasshen kifi zuwa Falime, mu sauko da goron da ake tsallakowa da shi daga Gwalkwas, ƙasar da ke maƙwabtaka da mu ta yamma. Da rani ba mu da kuka da ita. Amma da babbar damina ta kama, manyan motocin da ke jigilar koko suka haƙe hanyar, suka bar gurbi biyu masu zurfi na tayoyinsu da wani dogon tudu a tsakiya. Motarmu gajeriya ce, in ta shiga gurbin sai cikinta ya zauna a kan tudun, tayoyi suna juyawa a banza. Rannan wani dutse da ke ɓoye a tudun ya fasa kaskon man inji, muka yi kwana uku a wani ƙauye, goro ya fara baƙi a cikin huhu. Yaya ya ce mu ajiye ta sai ruwa ya ɗauke. Na ce to, amma raina bai ce to ba.

Ana cikin haka na je bakin gadar jiragen ruwa karɓo gishiri, sai na ga wata motar soja tsaye. Girman jikinta bai fi na tamu da yawa ba, amma tana tsaye can sama, har akuya za ta iya wucewa ta ƙarƙashinta ba ta sunkuya ba. Na ajiye buhun da ke kafaɗata na kwanta a yashi ina kallon cikinta, sai da sojan da ke gadi ya zungure ni da gindin bindiga. Abin da na gani ya hana ni sukuni. Ashe jikin mota ba a kan tayoyi yake zaune ba. Yana zaune ne a kan wasu dogayen ƙarafa masu falle-falle da aka jera bisa juna, waɗanda muke kira resor, su kuma resor ɗin suna zaune a kan ƙarfen da ya haɗa tayar hagu da ta dama. Wasu lanƙwasassun ƙusoshi masu kama da kofaton doki ne suka ɗaure su wuri ɗaya. Na yi shekara biyu ina shafa wa wuraren nan mai, amma ban taɓa tambayar kaina me ya sa mota take tsayawa daidai inda take tsayawa ba. Na ce a raina, in dai haka ne, tsawon mota ba halitta ba ne, wani ne ya zaɓa, kuma wani na iya sakewa.

Daga nan na shiga yawon tambaya. Duk inda na ji ana buga ƙarfe a Lome sai na je na tsuguna. Na gano cewa masu ƙaramin ƙarfi irinmu suna da dabaru kamar huɗu. Wasu suna sa tayoyin babbar mota, amma wanda na gani ya yi haka, in ya karya kwana tayar na gugar jikin motar har robar na ƙauri, birkinsa kuma ya daina kamawa da kyau don tayar ta fi ƙarfinsa. Wasu suna kai resor wurin maƙeri ya gasa shi a wuta ya ƙara masa lanƙwasa. Wani maƙeri ɗan garin Anaho ya gaya mini gaskiya cewa ƙarfen da ya sha wuta irin tasu ba ya komawa yadda yake, ko dai ya saki bayan wata biyu ko ya karye kamar rake. Wasu suna ƙara tsawon 'yan ƙarafan da resor ke rataye a jikinsu, mota ta ɗan tashi, amma sai ta riƙa lilo gefe da gefe. Dabarar da ta fi burge ni ita ce mafi sauƙi: ka ɗaga motar da jak, ka kwance ƙusoshin nan masu kama da kofato, ka cusa wani abu mai tauri tsakanin resor da ƙarfen tayoyi, ka nemo ƙusoshi masu tsawo ka sake ɗaurewa. Kaurin abin da ka cusa, shi ne tsawon da motarka ta ƙara.

Da wannan na je wurin Fo Kwami. Shi ɗan ƙabilar Ewe ne, tsohon makanike da ya koyi aiki a ma'aikatar jirgin ƙasa tun zamanin Jamusawa, yana da rumfar gyara a bayan Asigame. Fo a harshensu kamar yaya ne a namu. Yana jin Hausa irin ta kasuwa, ni ma ina jin Mina, yaren mutanen Lome, sai mu riƙa haɗawa. Ya saurare ni har na gama, yana goge wani noti da tsumma. Ya ce ana yi, shi ma ya taɓa yi wa wani Bature mai gonar kwakwa. Amma ya gindaya sharuɗɗa: abin da za a cusa ya zama ƙarfe, guda ɗaya ba biyu a jere ba, kaurinsa kada ya wuce yatsu biyu, kuma a baya kaɗai.

Na tambaye shi me ya sa ban da gaba.

"Idrisu, in ka taka birki, nauyin mota duk gaba yake tafiya," in ji shi. "In ka juya sitiyari, gaba ne ke ɗaukar wahalar. Baya bi kawai yake yi. Kada ka sa komai a gaba."

Na ce ai in na ɗaga baya na bar gaba, kaskon man inji da nake son ceto yana nan inda yake. Ya ce haka ne, shi ya sa shawarar yayana ta fi tawa, a ajiye mota sai ruwa ya ɗauke. Na yi masa godiya na tafi. Gaskiyar magana ita ce na ji abin da ya faɗa, amma ban gane dalilinsa a jikina ba, ni kuwa abin da ban gani da idona ba ba ya zama a kaina. Na ɗauka tsoro ne irin na tsofaffi.

Ƙarfe mai kauri a shekarun nan ya yi wuya, yaƙi ya cinye komai. Amma wani kafinta maƙwabcinmu yana da guntayen itacen odum, wanda a ƙasar Hausa ake ce wa loko, ragowar ƙyauren wani gidan Turawa. Na ɗauki guda na buga masa guduma da dukan ƙarfina, ko alama bai yi ba. Na ɗora tayar motar a kansa ya kwana, da safe na auna, bai ragu ba. Wannan gwajin ya gamsar da ni ƙwarai. Kaurin katakon yatsu biyu ne, ni kuwa huɗu nake so, sai na haɗa biyu-biyu, na sa gaba da baya. Maƙerin nan ɗan Anaho ya lanƙwasa mini dogayen ƙusoshi daga sandunan wata tsohuwar taga.

Kwana biyu na yi ina aikin a ƙofar gida. Inna ta fito da kujerarta ta zauna a inuwar zaure tana tsinkar zogale tana kallona. Ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba saboda ɗan fari ne, sai dai ta ce yayanka. Ta tambaye ni ko yayana ya san abin da nake yi, na ce ya sani, ya ce in gwada. Ta ce ita ba ta san mota ba, amma ta yi shekara talatin tana ɗaukar kaya a ka, kuma duk ranar da ta jera ƙwarya ta yi tsawo, ranar take tafiya kamar mai takawa a kan ƙwai. Na yi dariya na ce Inna ai mota ƙafa huɗu gare ta. Asabe kuwa damuwarta daban, ta ce matan da muke ɗaukowa daga Falime ta yaya za su hau da zane. Saboda ita na ƙera ɗan matakala na rataya a baya. Da na sauke jak na ƙarshe, motar ta tsaya can sama, kamar ba ita ba. Sai na tarar sandunan da ke jan birki sun gajarce, ba su kai inda suke kaiwa da, na kai aka yi musu ƙari aka liƙe. Wannan ya kamata ya nuna mini cewa in ka taɓa wuri ɗaya a jikin mota ka taɓa wurare goma. Ni a ranar murna na yi da na warware matsalar da hannuna.

Tafiyar farko ba zan manta da ita ba. Muka shiga gurbin nan da ya saba kama mu, na leƙa ta taga ina kallon tudun yana wucewa ƙarƙashinmu ko taɓa mu bai yi ba. Yaya ya buga sitiyari da tafin hannu yana ta dariya. Muka wuce motoci biyu da suka maƙale, muka je muka dawo a kwana biyu. Duk sauran damina mu kaɗai ne ƙaramar motar Zongo da ba ta tsaya ba. Masu goro suka riƙa jiranmu, kaya suka yi yawa, muka ƙara wa bodin katako a gefe don huhu ya hau bisa huhu. A majalisar ƙofar masallaci aka fara ce mini injiniya. Wani direba Bakotokole, ɗan wata ƙabila ta arewacin ƙasar, mai suna Alasan, wanda ke bin hanyar Atakpame, ya zo ya roƙe ni in yi wa tasa, na yi masa daidai yadda na yi wa tamu.

Amma akwai abubuwa biyu da na lura da su, kuma a nan ne laifina yake. Na farko, wani lokaci Yaya yakan ba ni tuƙi a inda babu jandarma, wato 'yan sandan Faransawa, sai na ji duk sanda tayar gaba ta faɗa rami, sitiyari na fizgewa hagu da kansa. Da ba ta yin haka. Abin ya ba ni sha'awa fiye da yadda ya ba ni tsoro, har nakan nemi rami da gangan in ji ko za ta sake. Na biyu, da ruwa ya ɗauke aka yi makonni ana rana, na fara jin wani ƙwas-ƙwas a ƙasa. Na shiga na duba, sai na tarar notunan sun yi sako-sako, ina iya juya su da yatsa. Na ƙara ɗaure su da sifana na fito. Ban tambayi kaina me ya sassauta su ba, ni da ke tambayar komai. Ban kuma gaya wa Yaya ko ɗaya daga cikin biyun ba, don ina jin daɗin sunan da aka sa mini.

Ranar da abin ya faru, farkon ƙaramar damina ne, da hantsi. Mun taso daga Falime da goro jere uku a sama, da fasinja ɗaya, wata 'yar kasuwa da muke kira Mama Afi, tana zaune a gaba tsakanina da Yaya. Akwai wata gangara da ke ƙarewa da kwana kafin wata 'yar gada. Yaya ya san wurin kamar tsakar gidanmu, ya sauko da giya tun daga sama, tafiyar da yake yi mai keke zai iya binmu. Muna shiga kwanar sai ga wani tsoho da tumaki uku a tsakiyar hanya. Yaya ya taka birki. Na ji wata ƙara a ƙarƙashinmu kamar an fasa kwakwa, gaban motar ya durƙushe ta gefen Yaya, sitiyari ya ƙwace daga hannunsa. Daga nan sai ta fara kwanciya. A hankali ta yi, har na sami lokacin ganin huhunan goro suna zamewa ta madubi, na kuma ji Mama Afi tana kiran sunan Yesu, Yaya yana salati. Ta juya ta kwanta ta gefen direba a cikin kwalbati. Sitiyarin motar a dama yake, Yaya ya fitar da hannun dama ta taga, kamar mai son tare ƙasa, ƙofar ta danne shi.

Mutanen ƙauyen suka zo da itatuwa muka ɗaga ta. Mama Afi ta fashe a goshi, ni ban sami ko ƙwarzane ba. Wata motar koko ta ɗauki Yaya zuwa asibiti. Kafin in hau, na koma baya kan hanya, ban san me nake nema ba sai da na gan shi: katakona ɗaya, can gefe, ya tsage biyu a tsaye. Ɗan'uwansa yana nesa da shi kamar taku goma, lafiyarsa lau, fuskarsa ta yi sumul tana ƙyalli kamar an goge ta da mai. Na zuba su a aljihun riga.

Washegari jandarma ya zo asibiti da tafinta. Ina tsaye a bakin gado, na buɗe baki zan yi magana, Yaya ya riga ni. Ya ce gudu yake yi, ya shiga kwana bai rage ba. Jandarman ya rubuta, ya karɓi farminsa, bai ko je ya duba motar ba. Da suka fita na ce masa Yaya wannan ai ba gaskiya ba ne.

"Hannun nan ba zai sake riƙe sitiyari ba, Idi, likita ya gaya mini," in ji shi. "Farmin ba shi da sauran amfani a wurina. In ka ce kai ka taɓa motar, kurkuku za su kai ka. Wa zai ciyar da gida biyu?"

Ya sa na yi masa alkawari ba zan ɗaga maganar ba muddin yana raye. Na yi, na kuma cika.

Da muka dawo Lome na kai wa Fo Kwami katakan. Na yi zaton zai ce ai na gaya maka, amma bai ce ba. Ya juya su a hannu, ya sa tabarau, ya kira ni kusa, ya yi mini karatun da har yau ban sami irinsa ba. Ya ce gwajin da na yi da guduma gaskiya ya nuna mini, odum na ɗaukar nauyi. Abin da ban gwada ba shi ne ruwa da rana. Itace in ya sha ruwa yakan kumbura, ƙarfen da ya ɗaure shi ya nutse a jikinsa, in ya bushe ya tsuke ya bar gurbi. Shi ya sa notuna suka saki. Ya nuna mini fuskar nan mai ƙyalli ya ce nan ne katakan biyu suka yi ta gugar juna wata da watanni, ko wane rami suna ɗan zamewa. Sannan ya ɗauko sanda ya riƙe ta ta tsakiya ya ce in murɗe, na kasa; ya riƙe ta ta can ƙarshe ya ce in sake, ta murɗe nan take. Ya ce haka na yi wa ƙarfen tayoyin gaba, na nisanta shi da abin da ke riƙe shi, birki ya sami ƙarfin murɗa shi ya tofar da katakon. Fizgar sitiyari kuma, sandar da ke juya tayoyi ce na bari a karkace. Game da kifewa, ya ce ko katakon bai fita ba, motar da aka ɗaga aka kuma jibga mata kaya a sama tana neman dalili ne kawai. Ina tsaye ina jin kunya, amma ba zan ɓoye muku ba, wani ɓangare na raina daɗi yake ji, don a karo na farko na ga abin gaba ɗayansa. Sai ya cire tabarau ya tambaye ni ko motarmu kaɗai na yi wa wannan aikin.

Sai na tuna da Alasan, wanda ya tashi tun jiya da fasinjoji zuwa Atakpame. Na bar rumfar da gudu na je gida na ɗauki jak da sifana, da safe na hau jirgin ƙasa. A duk tashar da muka tsaya ina leƙen hanyar mota ina tambaya ko an ga wata doguwar kamiyonet ta wuce. Na same shi a tashar motar Atakpame da la'asar, ana ɗaure masa buhunan doya, mata shida suna jiran hawa. Na ce masa a sauke kaya. Ya ƙi, ya ce motarsa ba ta taɓa yi masa daɗi kamar yanzu ba, kuma ai kowa ya ji cewa gudu Garba ya yi. Alkawarin da na yi wa Yaya ya hana ni faɗin abin da ya faru, sai na ce masa kawai ya ba ni hannunsa. Na ja shi ƙarƙashin motar na ɗora yatsunsa a kan notin gaba, ya juya shi da kansa ba sifana. Muka zaro katakon, ga tsaga ta fara bi ta tsakiyarsa. Ya fita ya ce wa matan su nemi inuwa. A gaban direbobin tashar duka na kwance aikina na mayar da motar yadda na same ta. Kafin in dawo Zongo labari ya riga ni cewa dabarar injiniya ta banza ce, sunan kuma ya koma na tsokana, ya bi ni shekaru. Wasu sun haɗa wannan da hatsarinmu a ransu, amma Yaya na nan yana cewa gudu ne, sai aka bar shi a haka.

Motarmu ba ta sake hawa hanya ba. Na roƙi Fo Kwami ya ɗauke ni aiki, ina da mata da ɗa na koma mai wanke notuna a kananzir, na yi shekara biyar a hannunsa kafin ya yarda in taɓa birkin mota ba ya tsaye a kaina. Yaya ya kafa teburin goro a bakin Asigame, ya koyi ƙulla huhu da hannun hagu da haƙori. Inna ba ta taɓa tambayata komai ba, amma tun daga ranar ita ke yanka wa Yaya nama a kwano kafin a kai masa, ba ta bari matarsa ta yi, kuma takan yi hakan ne a inda zan gani.

Bayan kamar shekara guda, wata ranar Juma'a mun fito masallaci, Yaya ya ce in raka shi bayan gida inda motar ke jingine. Ya ce in nuna masa daidai wurin. Muka durƙusa, na nuna masa inda katakan suka zauna, na yi masa bayanin ruwa da rana, na karyo sanda na yi masa abin da Fo Kwami ya yi mini. Ya yi ta tambaya, ya sa na maimaita maganar sandar sau biyu. Da na zo kan fizgar sitiyari, na gaya masa cewa na ji ta tun da wuri, na kuma tarar da notuna a sake, amma na ɓoye masa.



"Ni ke riƙe da sitiyarin nan kullum, Idi," in ji shi. "Kana tsammani ban ji ba? Tun satin farko na ji. Na ce in na gaya maka za ka sauke ta, ni kuwa ina son in riƙa wuce manyan motoci ina ɗaga musu hannu."

Na ce duk da haka ni na sa katakon. Ya ce haka ne, kai ka sa. Bai ƙara ba, bai rage ba. Ya miƙo mini hannun hagu na tashe shi, na kakkaɓe masa ƙasar da ta maƙale a gwiwar wandonsa, muka shiga gida cin abinci.